Tsohuwar Mota Mai Turin Baya: Me Matasa Ke Gani A Jikinta?

A kasuwar motoci akwai wani al'amari da ke ɗaure wa mutane da yawa kai. Magidanci idan ya je sayen mota, tambayoyinsa ba sa wuce uku: yaya shan manta yake, ana samun kayan gyaranta, kuma za ta yi daraja ranar da ya tashi sayarwa? Amsar waɗannan tambayoyi ce ta cika titunanmu da Corolla da Civic da Golf. Amma akwai wani rukunin masu saye, galibinsu matasa, da za su tsallake duk waɗannan su nufi ƙarshen layi, inda aka jingine wata tsohuwar BMW ko ƙaramar Marsandi da ta girme su, fenti ya koɗe, kujeru sun tsattsage, su tsaya a kanta suna murmushi kamar sun tsinci dami a kala. Dillali yakan ɗauka ƙarancin kuɗi ne ya kai su, iyaye kuma su ce son a sani ne. Ni a ganina akwai dalili na uku, kuma rashin fahimtarsa yana cikin abubuwan da suka sa muka kasa shawo kan wasan motar da ke lashe rayuka a garuruwanmu.

Dalilin yana ƙarƙashin motar. Mafi yawan ƙananan motocin yau tayoyin gaba ne ke jan su, na baya biye kawai suke, kamar shanu da amalanke. Waɗannan tsofaffin kuwa turo su ake yi daga baya, kamar yadda ɗan garuwa ke tura kurarsa. Injin yana gaba a miƙe, giyabos na biye da shi, sannan doguwar farfela ta ratsa ƙarƙashin motar ta kai ƙarfin ga tayoyin baya. Tudun nan da ke takura wa ƙafar mai zaman tsakiya a kujerar baya, hanyar farfelar ce.

Mai karatu zai ce, to, ja da turi ai duk tafiya ce, ina bambancin? Duk girman mota, abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Riƙon da wannan ɗan wuri yake yi wa titi yana da iyaka, kuma kowane aiki aka ɗora wa taya, daga wannan riƙo ɗaya take biya. A mota mai jan gaba, tayoyin gaba su ne ke ja, su ne ke juya akala, su ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka na birki, ga nauyin inji da giyabos a kansu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. A mai turin baya an raba aikin: na gaba su ji da sitiyari, na baya su ji da totur. Saboda haka sitiyarinta yakan isar wa hannun direba da labarin titi ba tare da ƙarfin inji ya gurɓata shi ba. Ƙari a kan haka, duk sa'ad da aka taka totur nauyin mota yakan koma baya, ya danne tayoyin da ke turin, su ƙara kama ƙasa. Kamfanin BMW ya daɗe yana tinƙaho da cewa ƙananan motocinsa nauyinsu ya kusa rabuwa daidai wa daida tsakanin gaba da baya, kuma direban da ya saba yana jin wannan daidaito a jikinsa tun daga kwanar farko.

Babban bambancin yana fitowa ne idan riƙon ya ƙare. Mai jan gaba idan aka shiga kwana da ita da gudun da ya wuce kima, goshinta ne ke ƙin juyawa, ta nemi miƙewa. Maganin shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, kuma wannan shi ne abin da tsoro ke sa kowa ya yi ko ba a koya masa ba. Mai turin baya kuwa, idan aka cika mata wuta a tsakiyar kwana, bayanta ne ke zamewa, ya nemi riga goshin wucewa. A nan dole direba ya mayar da sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa, ya auna totur da ƙafarsa, kada ya cika kada ya sake gaba ɗaya, kuma duk cikin ƙiftawar ido. Wanda ya iya, motar za ta bi kwanar a karkace tana yi masa biyayya. Wanda bai iya ba, za ta juya da shi kamar katantanwa. Wannan halin shi ne sirrin duka. Mota ce da ba ta rufa wa direba asiri: ya yi daidai ta nuna masa, ya kuskure ta tona shi nan take. Mai sha'awar tuƙi yana son ta ne kamar yadda mahayi na gaske ke son doki mai ɗan taurin kai fiye da wanda kowane yaro zai hau.

To me ya sa sai tsohuwa? Domin masana'antu sun kusa daina ƙera sababbi masu araha. A 1959 injiniya Alec Issigonis ya fito da Mini a Ingila, ya kwantar da injin a gicciye, ya haɗa shi da tayoyin gaba, sai ga ƙaramar mota mai yalwar ciki. Tashin farashin mai na 1973 ya sa duniya ta koma neman mota marar nauyi mai ƙarancin shan mai. Volkswagen ta fito da Golf a 1974, Toyota kuma ta mayar da yawancin Corolla masu jan gaba a 1983. Babu laifi a wannan zaɓi. Cire farfela yana rage nauyi da kuɗin ƙira, yana ƙara wurin zama, kuma ga direban yau da kullum mai jan gaba ta fi sauƙin sarrafawa a kan santsi. Har BMW, wadda ta daɗe tana riƙe da turin baya a ƙaramar motarta ta jerin 1, ta sallama a 2019. Akwai 'yan tsiraru da suka rage, irin su Toyota 86 da ta fito a 2012, amma farashinsu ba na ɗalibi ko sabon ma'aikaci ba ne. Wanda ke son wannan ɗanɗano alhali aljihunsa bai yi nauyi ba, sai dai ya waiwaya baya.

Idan ya waiwaya, sunaye kaɗan ne ke maimaituwa a duniya. Akwai Toyota AE86, Corollar da kamfanin ya bari da turin baya daga 1983 zuwa 1987, mai inji lita 1.6, wadda nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Akwai Mazda MX-5 da ta fito a 1989, mai kujeru biyu, wadda aka ƙera ta miliyan ɗaya a 2016. Akwai BMW jerin 3, samfurin E30 na 1982 da E36 na 1990 da E46 da ya biyo su, sai Marsandi 190 ta 1982 da magajiyarta C-Class. Waɗannan na Jamus su ne suka fi isowa gare mu ta hanyar Kwatano da Legas. Abin lura shi ne da yawansu ba su da wani ƙarfin a zo a gani. AE86 ƙarfinta bai wuce na doki 130 ba, MX-5 ta farko ma ba ta kai haka ba, kuma akwai motocin iyali na yau da za su bar su a baya a miƙaƙƙen titi. Ashe gudu ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne mota marar nauyi da ke amsa umarni, wadda direba zai kai ga iyakarta ya koyi wani abu tun gudun bai kai na halaka ba.

Arahar kanta wani ɓangare ce na sha'awar. Koyo ba ya yiwuwa sai da kuskure, kuma wanda ke cikin motar miliyoyi masu yawa tsoron ƙwarzane ba zai bar shi ya koyi komai ba. Tsohuwa kuwa ko ta goge bango, mai walda da mai fenti sun ishe ta. Ga ta da sauƙin gini: injin a miƙe yake, hannu na shiga ko'ina, giyar hannu ce da kuloci, na'urorin kwamfuta ba su yi mata katutu ba. A Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna mutum zai haɗa kayanta guntu-guntu. Na sha ganin ɗalibin da ke hamma a aji, amma idan aka taɓo zancen motarsa zai yi maka bayanin yadda nauyi ke komawa gaba lokacin birki, da abin da ke faruwa idan shokazoba ta mutu, bayanin da wani mai digiri ba zai iya ba. Ya kwana a gareji, ya ɓata hannu da baƙin mai, ya san sunan kowane ƙarfe. A ƙasar da ke kukan rashin ƙwararrun masu aikin hannu, ban ga dalilin raina irin wannan ƙishirwa ba.

Kuma kada mu ɗauka baƙon abu ne. Iyayenmu a kan turin baya suka koyi tuƙi. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, mai turin baya ce. Ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, kuma a shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Shekaru da dama ita ce motar gwamnati, ita ce ta tasha, ita ce ta kai amarya. Tsofaffin direbobin da suka yi zirga-zirga da ita a hanyoyin burji lokacin damina sun san yadda bayan mota ke zamewa a taɓo, sun san yadda ake tarbo shi da sitiyari, ko da ba su sa wa abin suna ba. Bambancinsu da jikokinsu shi ne su larura ce ta koya musu, kuma burinsu su isa lafiya da fasinja.

Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wajibi ne a faɗa wa matashi gaskiya kafin ya ƙirga kuɗinsa. Motar da ta shekara ashirin ko talatin, kuɗin sayenta kafin alƙalami ne kawai. BMW samfurin E36 da E46 sun yi suna wajen lalacewar kayan sanyaya inji, domin da yawansu na roba ne, tsufa da zafi na busar da su su fashe, kuma zafinmu ba irin na Jamus ba ne. E46 tana da wata matsalar ta tsagewar bodi a inda ƙarafan tayoyin baya suke ɗaure, wato daidai wurin da wasan zamiya ya fi wahalarwa. Wasu Marsandi na farkon shekarun 1990 rigar wayoyin injinsu kan ruɓe ta zube. Waɗanda suka yi rayuwarsu a ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, tsatsa kan cinye su ta ƙasa alhali samansu na ƙyalli. Ga mai, wanda tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi, kuma inji mai silinda shida ba ya jin rarrashi. Faɗuwar darajar Naira ta ɗaga farashin duk abin da ake shigowa da shi. A ƙasashen waje ma arahar tana gushewa, domin AE86 da E30 masu lafiya sun zama kayan masu tara motocin tarihi.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne kariya. Na'urar da ke gane mota ta fara zamewa ta kama birkin taya ɗaya don ta daidaita ta, a 1995 ta fara fitowa, a manyan motocin Marsandi, kuma sai a 2014 Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan kowace sabuwar mota. Mafi yawan tsofaffin nan ba su da ita, wasu ko jakar iska babu. Sannan ga taya. Wasan zamiya yana cinye tayoyin baya cikin ɗan lokaci, sai matashi ya koma sayen na hannu, waɗanda wasunsu sun daɗe da tsufa tun kafin su baro Turai. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2315, alal misali, na nufin mako na 23 a 2015. Direbobi nawa ne ke dubawa?

A nan ne maganar ta daina zama ta sha'awa kawai. Duk wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san yadda abin yake: ranar ɗaurin aure, ko bikin Sallah, ko ranar da ɗalibai suka rubuta jarrabawar ƙarshe, sai a tare mahaɗar titi ko shataletale, mota ta shiga juyi, hayaƙi ya turnuƙe, jama'a su yi zobe suna ɗauka da waya, yara ƙanana a sahun gaba. Tsakanin motar da mutane babu komai sai iska. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Idan gudun ya ninka, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. Taya ɗaya ta fashe, ko ƙafa ta zarce da ɗan kaɗan, fiye da tan ɗaya na ƙarfe zai afka cikin taron. Direban shi ya zaɓi kasadarsa. Mai tallan gyaɗa da ɗan acaɓa da yaron da aka aika sayen kati ba wanda ya shawarce su. Duk abin da na faɗa a sama na yabon wannan mota ba ya wanke wanda ya mayar da titin jama'a filin gwaji. Wannan tuƙin ganganci ne, kuma idan rai ya salwanta, haƙƙi ne a wuyansa duniya da lahira.

Abin tambaya shi ne, wane magani ne ke aiki? Mun gwada kame da tara da gargaɗi. Abin kan lafa na 'yan makonni ya dawo, ko ya ƙaura wata unguwa. Wasu ƙasashe sun bi ta wannan hanya kafin mu. A Jafan wasan zamiya a hanyoyin tsaunuka ya fara, cikin dare, ba bisa doka ba. Keiichi Tsuchiya, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin wannan wasa, da AE86 ya yi suna, kuma faifan bidiyon da aka ɗauke shi yana yi a titi a 1987 ya jawo aka dakatar da lasisinsa na tsere. Labarin zane na Initial D, wanda Shuichi Shigeno ya fara a 1995, a kan wani yaro mai kai awara da AE86 ta mahaifinsa, ya ƙara watsa sha'awar a duniya. Amma Jafan ba ta tsaya ga kame ba. An buɗe filaye irin su Ebisu a yankin Fukushima, inda mutum zai biya ya shiga ya koya, aka kuma kafa gasar D1 Grand Prix a farkon shekarun 2000, da hannun Tsuchiya kansa. Mutumin da ya fara a ɓoye a kan tsauni shi ne ya zo na biyu a tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a 1999.

Misalin Afirka ta Kudu ya fi kusa da mu. A unguwannin baƙar fata irin su Soweto, BMW 325i samfurin E30, wadda suke kira gusheshe, ita ce sarauniyar wasan juyi. Asalin wasan ba abin alfahari ba ne, domin an danganta shi da 'yan daba da motocin sata da jana'izar 'yan fashi. A hankali masu yi suka haɗa kai, aka sama musu killatattun filaye, har hukumar wasannin motoci ta ƙasar ta amince da shi a matsayin wasa a 2014. Yau ana sayar da tikiti, kamfanoni na ɗaukar nauyi, makanikai da masu taya na cin abinci, mata ma sun shiga sun yi suna. Haɗari bai ƙare ba, masu yi a titi ba su ƙare ba, amma an samar da ƙofar halal, kuma hukuma ta sami bakin cewa ga inda aka yarda, ga inda ba a yarda ba.

Mu ma muna da wannan hikima a gida. Kakanninmu sun san saurayi da doki sai an yi sukuwa, shi ya sa ba su hana hawa ba, suka ware masa fili da lokaci da shugabanni. Har yau akwai Filin Sukuwa a Kano, akwai filayen folo a Kaduna da Katsina. Abin da nake kira gare shi bai wuce wannan ba. Gwamnatin jiha ko wani mai hali ya ware fili a bayan gari, a shimfiɗa kwalta, a kewaye da shingen kankare da tsofaffin tayoyi, 'yan kallo su tsaya nesa a bayan kariya. Kada a bar kowa ya shiga sai da lasisi da hular kwano da bel, sai kuma makaniki ya duba birki da taya. A ajiye motar asibiti da abin kashe gobara. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda ke wannan aiki tun 1988, ta shigo a matsayin mai koyarwa, sassan koyon injiniya na jami'o'i da kwalejojin fasaha su mayar da wurin ɗakin gwaji. Masu wasan su yi ƙungiya mai rajista da za ta hukunta nata. Bayan an yi haka, duk wanda aka kama yana juyi a titi a ƙwace motar, a soke lasisin, ko ɗan wane ne.

Na san za a ce, ana fama da tsadar abinci wa ke ta filin wasan mota, kuma ƙona taya da mai ai almubazzaranci ne. Maganar tana da nauyi, ban kuma ce a ɗebi kuɗin asibiti ko na makaranta a zuba a nan ba. Fili irin wannan masu shiga ne ya kamata su riƙe shi da kuɗinsu. Amma a tuna cewa rashin filin ma biya muke yi, a ɗakin haɗari na asibitoci da kuma maƙabarta, kuma waɗanda suka fi biya su ne talakawan da ba su taɓa mallakar mota ba. Ƙwarewar tarbo mota idan ta zame kuwa ba wasa ba ce zalla. Ita ce ke ceton direba da fasinjojinsa ranar da ruwan farko ya sauka a kan kwalta mai maiƙo.

Ga matashin da idonsa ke kan wata tsohuwar BMW a bakin titi, shawarata ita ce ka je da makanikin da ka yarda da shi, ku ɗaga ta ku duba ƙasanta kafin fentinta. Ka ware kuɗin taya da birki da lagireto tun kafin ka yi tunanin salansa mai ƙara. Ka sani cewa gwanintar da kake nema ba a auna ta da yawan hayaƙi ko ihun 'yan kallo. Tsofaffin direbobin Fijo da suka yi shekara talatin a hanya ba su taɓa kwantar da fasinja ba, su ne gwanaye. Idan babu fili a garinku, ku haɗu ku nema, ku rubuta, ku je wurin hukuma da tsari a hannu. Kafin a samu, ka tuƙa ta kamar yadda kake so a tuƙa mota a layin da ƙannenka ke wasa. Allah Ya tsare mu, Ya tsare na kan hanya.